Ko Ka San Abin da Ke Toshe Kunnen Matafiyi?

Mutumin Fassi da Allah Ya nufa da sauke farali, idan jirginsu ya tashi daga filin Malam Aminu Kano, abin da zai ji bai wuce ƴar ƙara a cikin kunne ba. Amma da zarar jirgin ya soma gangarowa Jidda ko Madina, sai kunnuwan su toshe, maganar na kusa da shi ta riƙa zuwa masa daga nesa, wani ma har da zogi mai sa hawaye. Galibin mutane rugugin inji suke ɗora wa alhaki, alhali kuwa sababin abin nauyin iska ne.

Iskar nan da muke shaƙa, duk da ba a ganinta, tana da nauyi, kamar yadda Torricelli, wani masani na ƙasar Italiya, ya tabbatar a 1643. A bakin teku tana danna kowane wuri mai faɗin farcen yatsa da kimanin kilo 1, kuma gwargwadon yadda mutum ya yi sama, gwargwadon yadda nauyin ke raguwa. To, dodon kunne fata ce siririya da aka ɗaure kamar ta kalangu, a bayanta akwai ɗan kogo mai iska, kuma ba ta kaɗawa yadda ya kamata sai iskar ciki da ta waje sun daidaita a mizani guda. Daga cikin hikimar Mahalicci, akwai wata ƴar kafa mai tsawon kimanin santimita 3 da rabi, wadda ta taso daga kogon nan ta ɓulla bayan hanci, wadda tabibi Eustachi ya yi bayaninta a ƙarni na 16. A rufe take zaune, galibi ba ta buɗewa illa lokacin haɗiyar yawu ko hamma.

Jirgi yakan haura mita 10,000, amma ana riƙe iskar cikinsa daidai da ta tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Wajen hawa, iskar kogon ce ke kumbura, ta ture kafar ta fice da kanta. Wajen sauka kuwa, ta waje ce ke yin rinjaye, ta danna dodon kunne ciki, ta kuma matse kafar, shi ya sa azabar ta fi yawa a nan. Direban da ya gangaro daga Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, ya nufo Rano ta Saminaka da dajin Falgore, ya san kaɗan daga wannan. Masunta masu nutso a madatsar ruwa ta Tiga sun fi kowa saninsa, domin zurfin mita 10 kacal na ruwa yana ninka nauyin da ke kan kunne.

Sauyin nauyin iska da yanayi shi kaɗai ke kawowa kuwa, ko da na haɗuwar hadari ne, a hankali yake zuwa, lafiyayyen kunne kuwa yana daidaita shi ba tare da mai shi ya sani ba. Ɓarnar hunturu ta wata hanya take biyowa: ƙura da sanyi su kawo mura, cikin hanci ya kumbura, majina ta liƙe bakin kafar, sai kunne ya yi kwanaki a toshe. Yara ƙanana sun fi shan wahala, saboda kafarsu gajera ce kuma a kwance take, ciwon maƙogwaro bai da wuyar haurawa kunne.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake gaggawar sa tsinken ashana ko gashin kaza, ko a ɗiga man ja, alhali toshewar tana bayan dodon kunne, inda tsinke ba zai kai ba sai ya huda shi. Matafiyi ya kasance a farke lokacin sauka, ya tauna goro ko cingam, ya yawaita haɗiya. Idan abin ya ƙi, ya toshe hanci, ya rufe baki, ya hura a hankali, ban da ƙarfi. Jariri a ba shi mama. Kunnen da ya soma zubar da ruwa ko mugunya, ko zoginsa ya zo da zazzaɓi, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.