MAI ƘAURA ZUWA ABZIN: A WANE GARI ZA KA SAUKE KAYA?

Kowace shekara in damina ta ɗauke, mutane da yawa sukan ɗaure kaya a Yamai su nufi arewa. A cikinsu akwai malaman makaranta da ma'aikatan likita waɗanda gwamnati ta tura, akwai direbobi da magina da ƴan kasuwa, akwai kuma samari masu neman aikin ƙarfi. In ka tambaye su inda za su, amsarsu ɗaya ce: Agadas. To amma jihar Agadas ita kaɗai ta fi rabin ƙasar Nijar girma. A cikinta ne ƙasar duwatsun Abzin take, wadda tsawonta daga kudu zuwa arewa ya kai wajen kilomita 400. Garuruwanta ba su yi kama da juna ba. Wanda ya zaɓi gari don ya ji sunansa kawai, yakan komo gida kafin shekara ta zagayo, guzuri ya ƙare, iyali sun wahala.

Ko ma'aikacin da aka tura, wanda ba shi ne ya zaɓi wurin aikinsa ba, yana da zaɓi a gabansa: ya tafi da iyali can cikin dutse, ko ya zaunar da su a birni ya riƙa zuwa. Don haka kafin a kama hanya, sai a auna abu uku: ruwa, da hanya, da aikin da zai ci da mutum.

RUWA SHI NE GABA

Ruwan sama da ke sauka a Yamai a shekara yakan kai wajen milimita 550. A Agadas da ƙyar yake kai 150. A Arlit ko 50 ba ya kai. Saboda haka babu noman gero na damina a Abzin irin wanda muka sani a kudu.

To da me mutane suke rayuwa? Da ƙoramu. In an yi ruwa a kan dutse, ba ƙasar da za ta sha shi, sai ya gangaro gaba ɗaya ya taru a ƙorama. Ƙoramar takan yi gudu na ƴan awoyi ko kwana ɗaya biyu, sa'an nan ta ƙafe. Amma ruwan bai tafi ba, yana nan kwance ƙarƙashin rairayi. Shi ne rijiyoyin garake suke sha har shekara ta zagayo. Wannan ya sa kusan duk garin da ke cikin dutse a bakin ƙorama yake.

Ƙoramar da ke ciyar da gari kuwa ita ce ke iya cinye shi. A farkon watan Satumba na 2009 ƙoramar Telwa ta ɓalle ta shiga Agadas da dare, ta rushe gidaje masu yawan gaske. Ruwan dutse ba ya sallama. Ana iya yin sa can nesa, kai kana nan sama garau ba ko hadari, sai ka ji rugugi yana tafe. Don haka kada baƙo ya yarda da fili ko gidan haya mai araha a cikin kwari. Ya nemi tsofaffin wurin su nuna masa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, ya zauna sama da nan.

HANYA BA A AUNA TA DA KILOMITA

Daga Yamai zuwa Agadas wajen kilomita 950 ne, ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Tawa da Abalak. Daga Agadas zuwa Arlit wajen 240. An gama kwaltar Tawa zuwa Arlit a farkon shekarun 1980 don jigilar yuraniyom, manyan motoci kuma sun ci ta ƙwarai daga baya. Yawancin hanyoyin da ke shiga cikin dutse na ƙasa ne da tsakuwa, suna bin cikin ƙoramu. Tafiyar kilomita 200 a can tana iya cin yini guda. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, mota takan tsaya bakin ƙorama sai ruwa ya wuce.

Mai mata da juna biyu, ko tsoho marar lafiya, ko ƙananan yara, ya yi wa kansa wannan tambaya: in ciwo ya tashi da dare, awa nawa ne tsakanina da babban asibiti?

AGADAS, ƘOFAR ABZIN

Agadas a gindin duwatsun take daga kudu. Nan ne fadar Sarkin Abzin tun ƙarni na 15. Babban masallacinta an gina shi a 1515, aka sabunta shi a 1844, hasumiyarsa ta ƙasa ta kai mita 27. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya. Akwai ofishin gwamna, da babban asibitin jiha, da makarantun sakandare, da jami'a tun 2014, da filin jirgin sama, da tashoshin motocin da ke zuwa Yamai da Damagaram.

Hausa ce harshen kasuwa da na cikin gida a Agadas, saboda haka baƙo daga kudu ba ya jin kansa bare. Wannan ne garin da ya fi dacewa da mai iyali da yawa, da mai yara ƴan makaranta, da ɗan kasuwa. Matsalarsa ita ce tsadar haya da ta abinci, domin hatsi daga kudu ake kawo shi. Sabbin unguwannin gefen gari kuma sukan sha wahalar ruwan famfo da bazara. Kuma a sani, Agadas ba ta da sanyin dutse. Zafinta na Mayu da Yuni bai bar na Yamai da komi ba.

CIROZERIN DA ARLIT, GARURUWAN MA'ADINAI

Waɗannan biyu a yammacin duwatsun suke, cikin fili. Ba ƙorama ta tara mutanensu ba, aikin kamfani ne.

Cirozerin tana arewa da Agadas, tafiyar da ba ta da nisa. Kusa da ita, a Anu Araren, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yake haƙar gawayin ƙasa. Tun 1981 yake ƙona shi yana ba da wutar lantarki ga ma'adinan Arlit da garin Agadas. Gari ne ƙarami mai natsuwa. Ya dace da wanda ya riga ya sami aiki, yana kuma son ya riƙa leƙa birni.

Arlit kuwa a 1969 aka kafa ta tsakiyar hamada saboda yuraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ƙarfen a 1971. Na biyu, COMINAK, ya fara a 1978, aka gina wa ma'aikatansa garin Akokan. Shekaru da yawa samarin kudu sun ɗauki Arlit gidan arziki. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK saboda ƙarfen ramin ya ƙare, ma'aikata ɗaruruwa suka rasa aiki, masu shaguna da masu gidajen haya suka ji a jikinsu. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa. Darasin a fili yake: garin da ke da uban gida ɗaya, ran da uban gidan ya yi tari, kowa sai ya kwana da zazzaɓi. Kada kowa ya kwashi iyali zuwa Arlit bisa jita-jita. A sami aikin a hannu tukuna.

Wanda ya zauna can kuma ya kiyaye da tsofaffin ƙarafa da suka fito daga ma'adinai. Binciken da aka yi a 2009 ya nuna akwai gubar yuraniyom a wasu titunan Akokan da jikin wasu ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa. Kada a yi tukunya ko rufin ɗaki da ƙarfen da ba a san asalinsa ba.

TABELOT, ƘASAR ALBASA

Wanda ke son noma, sai ya dubi gabas. Tabelot tana gindin dutsen Bagzan, wanda a kansa ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2022. Garaken wannan yanki suna ba da albasa, tafarnuwa, dankalin turawa, tumatir, alkama da masara. A da raƙumi ko sa ke jan guga. Yanzu injin jawo ruwa ya karɓi aikin a yawancin garake.

Albasar Abzin tana da wata sa'a. Da damina ake noma ta, ta fito kasuwa wajen ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci. Manyan motoci sukan ɗauke ta daga Agadas har ƙasashen bakin teku. Saboda haka akwai aikin ƙwadago a lokacin dashe da lokacin cira. Amma injin yana shan ruwa fiye da raƙumi. In damina ta yi rowa, rijiyoyi sukan ja baya, sai mai ƙarfin ƙara zurfi ya yi noma. Kafin ka sa kuɗinka, tambayi zurfin rijiyar a watan Mayu, ba a watan Oktoba ba.

TIMIYA DA IFERWAN, TSAKIYAR DUTSE

Timiya tana wajen kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas, duwatsu sun kewaye ta. Ta yi suna da lemu iri iri, da rumman, da dabino, da inabi. Garin Kel Ewe ne, mutanen ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma da kaka, sa'an nan su gangara kudu su sayo gero. Arewa da ita akwai kufan Asode, tsohon birnin Abzin.

Iferwan tana can arewa a gindin dutsen Tamgak. A 2011 ta zama gunduma, saboda haka akwai ma'aikatun gwamnati a cikinta. Daga Arlit aka fi shigar ta. Garakenta na alkama da dabino ne. Tana bakin gandun dajin Abzin da Tenere da aka keɓe a 1988, inda aka hana farauta da sare itace barkatai.

Waɗannan garuruwa suna da iska mai daɗi da kwanciyar hankali. Amma kasuwa ƙarama ce, kaya da tsada, makarantar gaba da asibiti babba suna nesa. Sanyin Disamba da Janairu kuwa ba wasa ba ne, domin duk hawan mita 1000 zafi yakan ragu da wajen awo 6. A kan Bagzan ruwa yakan daskare da asuba. A tanadi barguna da rigunan sanyi na yara. A kuma riƙa kaɗe takalmi da shimfiɗa, don kunamar arewa tana kashe ƙaramin yaro in ba a kai shi likita da wuri ba.

ZAMAN BAƘO DA ƳAN GARI

Hausawa ba baƙin Abzin ba ne. Gobirawa suna faɗi cewa can kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu, ayari kuma bai taɓa yankewa tsakanin Abzin da Damargu da Kano ba. Duk da haka, cikin dutse Tamajak ce harshen gida. Maza da yawa suna jin Hausa, amma malamin makaranta ko ma'aikacin likita da bai iya ko gaisuwa da Tamajak ba zai sha wuya da yara da mata.

Ƙasar garka kaɗan ce, kowane taƙi da mai shi. Akwai ma dukiyar da ake bar wa mata da ƴaƴansu mata, kamar itatuwan dabino da dabbobi, wadda ba a sayarwa. In wani ya ce zai sayar maka da garka, kada ka ba da kuɗi sai gaban mai gari da shaidu, a kuma rubuta a hukumar kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya fara da aiki a garkar wani, a san halinsa, shi ma ya san na wurin.

Sai maganar tsaro. Abzin ta ga tawaye daga 1990 zuwa sulhun 24 ga Afrilu 1995, ta sake gani daga 2007 zuwa 2009, har mutanen Iferwan suka watse suka bar garin na wani lokaci. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, zirga-zirga ta ƙaru, ƴan fashi ma sukan tare hanyoyin daji. A tambayi hukuma da direbobin wurin kafin a kama hanya, kada a yi tafiyar dare, kada a bar hanyar da motoci ke bi.

SHAWARA

Mai iyali da yara ƴan makaranta, da ɗan kasuwa, Agadas ce tasu. Mai takardar aiki a hannu, Cirozerin ko Arlit. Mai ƙarfin noma da haƙuri, Tabelot da ƙauyukanta. Wanda aka tura Timiya ko Iferwan, ya fara zuwa shi kaɗai, ya ga sanyi ya ga damina, sa'an nan ya yanke shawarar ɗauko iyali.

Gani ya kori ji. Kuɗin motar zuwa dubawa bai kai asarar ƙaura biyu ba. Waɗanda suka iya karatu su karanta wa ƴan'uwansu wannan bayani a dandali da wurin yaƙi da jahilci, musamman samarin da ke shirin tafiya bana. Allah ya kai kowa lafiya, ya sa a sauka a sa'a.