Ƙafar Mota Ta Gaba

Yau gareji za mu leƙa, mu tsuguna a gindin tayar gaba, mu dubi abin da kanikawa ke kira ƙafar mota.

Direbobi da dama sun ɗauka aikin ƙafa shi ne hana fasinja jin gargada. Yana ciki, amma babban aikinta shi ne riƙe taya manne da ƙasa. Tayar da ta yi tsalle ta bar kwalta, ko da na ƙiftawar ido ne, ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Ga shi kuma a yawancin motoci gaba ne ke ɗauke da inji, gaba ne ke juya mota, in an taka birki ma can nauyi ke rinjaya.

Abu biyu ne ke raba wannan wahala. Sifirin, ƙarfen nan mai murɗe, shi ke ɗaukar nauyi, ya matse in an hau tudu, ya miƙe in an faɗa rami. Sai dai bai san tsayawa ba, in aka bar shi zai yi ta lilo da mota sama da ƙasa. Shok ne ke ladabtar da shi. Bututu ne cike da mai, da fistin a ciki, man yana kurɗawa da ƙyar ta 'yan ƙananan ƙofofi, wannan tirjiyar ce ke shanye tsallen ta mai da shi zafi. Taɓa shok bayan doguwar tafiya a hanya mai ramuka, za ka ji shi da ɗumi.

Wani injiniya Ba'amurke, Earle MacPherson, shi ya shahara da dabarar haɗa su wuri guda: shok a tsakiyar sifirin, samansa ɗaure a jikin mota, ƙasansa riƙe da mariƙin taya, hannu ɗaya tak yana tallafe daga ƙasa. Motocin Ford Consul da Zephyr sun fito da wannan tsari a Ingila a 1950. Ba ya cin wuri, ba ya cin kuɗi. Shi ne a gaban Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, shi ne a gaban Golf da Corolla. Hilux ta zamani kuwa hannu biyu gare ta, sama da ƙasa, kowanne mai siffar gwafa.

Abin da ya fi damuna a duk ƙafar nan ɗan ƙarami ne, bol join. Dunƙulen ƙarfe ne zaune cikin kwano, kamar ƙashin kwatangwalo, an cika shi da giris an rufe da roba. Robar na tsagewa, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Da farko ƙara ce, ƙwas-ƙwas, in an shiga gargada. Mai mota ya ce sai wata ya yi. Ran da dunƙulen ya fita daga kwanonsa, ita ce motar nan da kuke gani a bakin titi ta durƙusa, taya ta lanƙwashe ƙarƙashinta.

Dubawarsa ba ta kai minti goma ba. Bakanike zai ɗaga motar da jak, ya kama taya da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya girgiza, yaronsa na leƙe daga ciki yana kallon inda ke motsi.