Shin koya wa jarirai iyo na iya kare su daga nutsewa a ruwa?

Irin bidiyon da ke tsinka wa iyaye zuciya ne: an saki jaririn da bai kai shekara ɗaya ba cikin tafkin ninƙaya da kayansa a jiki. Ya nutse na ɗan lokaci, sai ya juya ya yi rigingine a saman ruwa, fuskarsa a waje, yana kuka amma yana numfashi.

Wannan shi ne darasin da makarantu irin su Infant Swimming Resource ke bayarwa a Amurka. Harvey Barnett ne ya kafa ta a 1966, kuma tana karɓar yara tun daga wata shida. Darasin minti 10 ne a rana, kwana biyar a mako, na tsawon makonni. Abin da ake so shi ne idan yaro ya faɗa ruwa ya riƙe numfashi, ya juya, ya tsaya a sama har taimako ya zo.

Iyayen da ke biyan kuɗin darasin suna da dalili. A Amurka nutsewa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. A duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suka mutu ta wannan hanya a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai shekara biyar ba.

Sai dai likitoci na taka-tsantsan. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce yara da yawa za su iya fara koyon iyo daga shekara ɗaya, amma babu hujjar da ke nuna cewa darasin na rage nutsewa ga waɗanda ba su kai hakan ba. Jariri kan haɗiyi ruwa, sanyi na saurin kama shi, kuma wuyansa bai yi ƙwarin ɗaga kai yadda ya kamata ba. Akwai kuma fargabar iyaye su saki jiki, su ɗauka cewa ɗansu ya fi ƙarfin ruwa.

Hujja mafi ƙarfi kan ceton ƙananan yara ta fito ne daga ƙauyukan Bangladesh, inda kududdufai ke zagaye da gidaje. Masu bincike a can sun lura cewa yawancin yaran na nutsewa ne kusa da gida, tsakanin ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, lokacin da uwa ke fama da girki da wanki, uba kuma yana gona.

Don haka cibiyar CIPRB mai aikin kare haɗurra ta buɗe gidajen reno da ake kira Anchal. Ana horar da mata daga ƙauyen su riƙe yara ƙanana a ɗaki guda a waɗannan sa'o'i. Yaran da suka tasa kuma ana koya musu iyo a shirin SwimSafe, cikin shingen gora da ake kafawa a kududdufin ƙauye, har sai yaro ya iya tafiyar mita 25 a ruwa.

Binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa haɗarin mutuwa a ruwa ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 ga yaran Anchal. A 2022 gwamnatin ƙasar ta amince da buɗe irin waɗannan cibiyoyi 8,000. Bangladesh ce kuma, tare da Ireland, ta jagoranci ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 da ya ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa.

Shawarwarin WHO ma sun bi wannan tsari: shinge tsakanin yaro da ruwa, wurin reno ga waɗanda ba su isa makaranta ba, darasin iyo ga waɗanda suka isa, da koya wa manya ceto da farfaɗo da numfashi.

Wannan ya shafi gidajen ƙasar Hausa, inda ba tafkin ninƙaya ne barazanar ba. Rijiyar da ba murfi, bokitin wanki, baho, randa, da ramin gini da damina ta cika duk sun isa. Yaro mai rarrafe kansa na da nauyi sosai idan aka kwatanta da jikinsa, idan ya kifa cikin bokiti ba ya iya fitowa, kuma ba a jin ihunsa. Ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba na iya kashe shi cikin 'yan mintuna.

Darasin iyo na da amfani idan lokacinsa ya yi. Kafin nan, abin da ke tsare jariri shi ne a rufe rijiya, a kife bokiti bayan wanki, kuma a san babban da ke kallonsa a kowane lokaci, ba a bar shi a hannun yayarsa 'yar shekara shida ba.