Shin wajibi ne in tsaya idan jami'in hanya ya tsayar da ni?

Tambaya: Ni direba ne daga Janbako, ina kai fasinja da kaya kasuwar Talata Mafara. Wani lokaci ɗan sanda ne zai tsayar da ni, wani lokaci Rod Sefti ko ZAROTA. Wani abokina ya ce tunda ba alƙalai ba ne, kuma dokar ba ta Shari'a ba ce, babu zunubi in na wuce su. Haka ne?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, maganar abokinka ba daidai ba ce. Aya ta 59 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da biyayya ga majiɓinta al'amari, kuma malamai sun bayyana cewa biyayyar tana kan abin da ba saɓon Allah ba ne. Hana gudun wuce kima, da hana ɗora kaya ko mutane fiye da ƙarfin mota, duk kare rai ne da dukiya. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na takwas a Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, don shugaba yana da ikon tsara su saboda maslaha.

Shugaba kuwa ba zai tsaya da kansa a kan titin Gusau zuwa Sakkwato ba, dole ya wakilta. Saboda haka jami'in da ke gabanka wakili ne, ikonsa aro ne daga dokar da ta naɗa shi. Ɗan sanda yana da hurumin kula da zirga-zirga da kama mai laifi. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wato Rod Sefti, an kafa ta a 1988, tana aiki a ƙarƙashin dokarta ta 2007. ZAROTA kuma ta jihar Zamfara ce, kamar KAROTA a Kano.

Sai dai wakili ba ya wuce iyakar da aka wakilta shi, kuma nan ne ake samun gardama. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta ce hurumin Rod Sefti bai wuce titunan tarayya ba, a 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an VIO na birnin kama motoci da cin tara. Amma kotu ce ke raba irin wannan gardamar. Kai dai idan an ɗaga maka hannu ka tsaya, ka nuna takardunka, in ka ga an zalunce ka ka kai ƙara. Wanda ya taka wuta don ya tsere har ya kaɗe wani ya mutu, diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere sun hau, ban da hukuncin hukuma.

Game da tara, malamai sun yi saɓani kan horo da karɓar dukiya, amma Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun halatta shi, haka ma majalisar da muka ambata. Ka biya ta inda hukuma ta ce, ka karɓi rasit. Kuɗin da ake danƙa wa jami'i a hannu don ya kau da kai, ko an kira shi "na goro", rashawa ce, kuma Annabi (SAW) ya tsine wa mai bayarwa da mai karɓa. Idan ba ka da laifi aka tilasta ka, ba ka da wata mafita, malamai da yawa sun ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma fa mai motar da birkinta ba ya kamawa kada ya fake da wannan rangwamen.

Wanda ya tare hanya ba tare da hukuma ta ɗora shi ba, ba shi da haƙƙin cin ka tara, abin da ya karɓa ƙwace ne. A yankinku na Maradun da Bakura da ke fama da rashin tsaro, idan ka ga shinge kana da ƙwaƙƙwaran zaton na 'yan bindiga ne, kauce masa ka tsira da ranka da na fasinjanka, babu laifi a kanka.

Allah ne mafi sani.