Ƙwaron da ke bin ƙamshi ya ceci gonar wake

Hutun daminar bana a Rawayya na yi shi, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Wata safiya na bi kawuna gonar wake, muka tarar darɓa ta yi wa sabbin ganye baƙi ƙirin, in ka taɓa sai hannu ya yi danƙo. A tsakiyarta kuma ga wasu ƙwari kamar ɓarin wake da aka kife, bayansu ja da rawaya da zanen baƙi. Kawu ya ce su ma feshi zai kwashe su. Na ce, "Kawu, ai waɗannan masu gadinka ne."

Turawa na kiransu ledibad. Darɓa ce abincinsu, babba ɗaya kan cinye gommai a yini. 'Ya'yansu ma, waɗanda suka yi kama da ƙananan kadoji, ba su da aiki sai ci.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ajin nazarin ƙwari shi ne yadda suke gano inda darɓar take. Shuka ba ta da baki, amma idan ƙwari suka soma tsotse ruwanta, sai ƙamshin da take fitarwa ya sauya. Ledibad ba shi da hanci, da 'yan ƙahonni biyu na kansa yake shaƙar iska. Masana kan gwada shi a cikin bututun gilashi mai reshe biyu: ta ɗaya a turo iskar lafiyayyen ganye, ta ɗayan iskar ganyen da darɓa ta kama, sannan a zuba ido a ga inda zai nufa. A 2005, masu bincike biyu a Amurka, Zhu da Park, sun gano cewa waken soya da darɓa ta kama yana ƙara fitar da sinadarin metil salisilet, kuma ledibad mai ɗigo bakwai yana bin sa. Kun san ƙamshinsa, domin yana cikin man zafi iri-iri da ake shafa wa ciwon gaɓoɓi.

Kada ku raina darɓa. Irin wadda ke kama wake ita ce ke yaɗa kuturtar gyaɗa, cutar da ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a Arewa a 1975. Matsalar feshin gaggawa ita ce yana kashe mai gadi tare da ɓarawo. Darɓa kuwa tana haihuwa ba tare da namiji ba, saboda haka kafin ledibad ya farfaɗo ta sake cika gona.

Kawu bai yarda gaba ɗaya ba. Ya dai bar kunya uku a gefen gona ba feshi, ya ce in riƙa leƙawa. Da na ɗaga ganye a rana ta huɗu, sai ga ƙwai rawaya a jere a tsaye, dab da inda darɓa ta fi yawa.