Kamaye da Adama a idon mutanen Kaugama

Tun da tashar Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa, rikicin Kamaye da matarsa Adama na cikin shirin ya shiga hirarmu a Kaugama. A majalisar bayan la'asar, maza kan ce shirin ya mayar da maigida abin dariya, mata kuwa su ce ai haka zaman yake idan cefane ya gagara.

Ni ina bayan matan. Finafinan soyayyar Kannywood sun fi son gidajen bene da motoci, shi kuwa wannan ya kawo mana tsakar gida da bashin mai shago, irin wanda manomin shinkafa ke ci kafin girbi. Ba mamaki a 2016 shirin ya ci kyautar finafinai ta AMVCA a Legas. Ƙorafina guda: labarin kan ja ya wuce kima.