Lissafin da ke kunna waya a birnin Zazzau

Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, da wuya ka shiga gidan da babu wayar hannu, ga farantan sola sai ƙaruwa suke a kan soraye. Duk waɗannan 'ya'yan wani reshe ne na ilimin fiziks wanda masanansa alli da takarda da kwamfuta ne kayan aikinsu. Abin da suke bincike shi ne yadda lantarki ke tafiya idan ƙwayoyin zarra masu ɗimbin yawa suka haɗu suka zama dutse ko ƙarfe. Sirrin yana cikin yadda aka jera su, kamar yadda tubali ɗaya ba ya gaya maka yadda masallacin da Babban Gwani ya gina ya tsaya. Bakin fensir da daimon duk kabon ne, amma ɗaya na barin wuta ta wuce, ɗaya na tare ta.

Wani zai ce, a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ina amfanin biyan malami a Jami'ar Ahmadu Bello ya zauna yana lissafin abin da ido ba ya gani? Tambaya ce mai nauyi, sai dai tarihi ya amsa ta. A 1928 Felix Bloch ya yi amfani da sabon ilimin kwantam, wato dokokin da ƙananan halittu irin su elektiron ke bi, ya bayyana tafiyarsu cikin daskararren abu. A 1931 Alan Wilson ya ɗora a kai, ya fayyace abubuwa irin silikon, masu barin wuta ta wuce a wani hali su hana a wani. Da wannan ilimi ne a 1947 aka ƙera transista a Amurka, kuma ita ce zuciyar kowace waya a yau.

Sukar da ta fi waccan tambaya ƙarfi ita ce a bar masu kuɗi su yi binciken, mu saya. To amma a duk rassan kimiyya wannan reshe yana cikin mafi araha. Ƙaramar na'urar nukiliya da ta fara aiki a Samaru a 2004 sai da kuɗi da tsaro da yarjejeniyar ƙasashe. Mai lissafi kuwa albashi da intanet da lokaci yake nema. Ɗalibinsa ne kuma zai san dalilin da farantin sola ke rage ƙarfi a zafin Afrilu, lokacin da mutanen birni suka fi bukatar fanka.